Tarihin Kalmomin Ceto da Gafarar Zunubi Cikin Fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa

1. Gabatarwa

Cikin harshen Hausa akwai waɗansu kalmomi da Musulmi da Kirista su ke furtawa kullum da lafazi ɗaya, alhali abin da kowannensu ya ke nufi ya sha bamban. Daga cikinsu akwai ceto, da zunubi, da gafara, da fansa, da alheri. Malamin zaure a Damagaram yana umartar almajiransa su roƙi Allah ya sa su cikin ceto, mai wa'azi kuma a majami'ar Tsibiri yana shaida wa jama'arsa cewa sun riga sun sami ceto. Na farko yana zancen abin da a ke fata ranar tsayuwa, na biyu yana zancen abin da ya ke ganin an gama shi tun tuni.

Wannan maƙala ta bi sawun yadda aka zaɓi waɗannan kalmomi domin su ɗauki koyarwar Kirista game da ceto da gafarar zunubi ta wurin bangaskiya, tun daga fassarorin farko na ƙarni na 19 har zuwa shigarsu ƙasar Nijar. Yanke hukunci tsakanin addinai ba ya cikin aikinta. Abin da ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci shi ne, duk wanda ya zauna rubuta ƙamus ko littafin koyon karatu da Hausa zai ci karo da kalmomin nan, kuma tilas ya san nauyin da kowace ta ɗauko.

2. Koyarwar da aka zo fassarawa

Tushen koyarwar yana cikin wasiƙun Bulus, musamman wadda ya rubuta wa Romawa da harshen Girka wajen shekara ta 57. Hujjarsa tana tafiya bisa matakai huɗu. Na ɗaya, dukan ɗan Adam yana ƙarƙashin zunubi. Na biyu, babu wanda zai wanke kansa gaban Allah da ayyukan shari'a. Na uku, Allah yana wanke mai laifi kyauta saboda mutuwar Almasihu da tashinsa. Na huɗu, mutum yana karɓar wannan kyauta ta wurin dogara gare shi. Wasiƙar Yakubu kuwa ta nace bisa wajibcin aiki ya biyo bayan bangaskiya, kuma daidaita zantukan nan biyu ya zama abin muhawara tsawon ƙarnuka.

Muhawara ta farko mai girma a Afirka ta Arewa aka yi ta. Agustin, shugaban ikilisiyar Hippo, watau Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya yi jayayya da Pelajiyus, wanda ya ke ganin mutum yana da ikon barin zunubi da ƙoƙarin kansa. Taron Kartaj na shekarar 418 ya ƙi ra'ayin Pelajiyus, ya tabbatar da cewa zunubin Adamu ya shafi zuriyarsa duka.

Muhawara ta biyu kuwa, ta ƙarni na 16, rabinta gardamar fassara ce. Kalmar Girka metanoia tana nufin sauyawar tunani da zuciya, amma fassarar Latin ta Jerom ta ba da ita da lafazin da a ke iya fahimta a matsayin aikata wani aiki na tuba. Erasmus ya jawo hankali bisa wannan cikin bugunsa na Sabon Alkawari na 1516, Martin Luther kuma da wannan batu ya buɗe ƙa'idodinsa 95 a 1517. Da ya fassara Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, ya ƙara kalmar da ke nufin "kaɗai" cikin sura ta 3, aya ta 28 ta wasiƙar Romawa, alhali babu ita cikin Girkancin. A 1530 ya kare kansa da cewa yanayin Jamusanci ne ya bukaci haka, kuma mai fassara bakin mutanen gida da na kasuwa ya kamata ya saurara. Taron Trent na ikilisiyar Katolika ya mai da martani a 1547, ya ce alherin Allah shi ke fara aikin, amma mutum yana ba da haɗin kai, ayyukansa na gari kuma suna da matsayi. Sai a 31 ga Oktoba 1999 Katolika da mabiyan Luther suka sa hannu a Augsburg bisa wata sanarwa ta haɗin gwiwa game da batun.

Wannan tarihi yana da muhimmanci a nan domin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa ƴan Furotesta ne. Ma'anar da suka zo nema wa kalmomi ita ce ta gafara kyauta, wadda ba lada ko aiki ke sayen ta ba.

3. Schön da Dorugu

Jakob Friedrich Schön Bajamushe ne da ya yi aiki da ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Ingila, wadda a ke kira CMS. A Saliyo ya fara jin Hausa, daga bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen fatake aka sauke a can. A 1841 ya shiga ayarin da Ingila ta aika Kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa. Har ya mutu a 1889 bai taɓa zama cikin ƙasar Hausa ba.

Wanda ya zama masa kunne da baki wani yaro ne ɗan ƙasar Damagaram. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, wajen 1840. An kama shi yana ƙarami, aka kai shi Kukawa cikin bauta, inda Bature matafiyi Adolf Overweg ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Bayan mutuwar Overweg a 1852 suka bi Heinrich Barth ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Sayi har Tambutu, daga baya ya tafi da su Ingila a 1855. Can Schön ya karɓe su. Daga 1857 sassan Littafi Mai Tsarki suka fara fitowa, Bisharar Matiyu a gaba, sa'an nan nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari cikakke a 1880. Littafin Magana Hausa na 1885 yana ɗauke da labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa, wanda Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitarwa a 1971. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya rasu a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

Abu biyu ne za a lura da su cikin wannan zango. Na farko, Hausar da aka aza harsashin fassarar bisa kanta Hausar gida ce ta yaron da aka raba da garinsu tun bai yi nisa ba, kuma da sauran tazara tsakaninta da Hausar malamai masu tafsiri. Na biyu, rubutun Schön bai rarrabe baƙaƙen da a yau a ke rubutawa da ƙugiya ba, saboda haka baki da baƙi, ko fada da faɗa, sura ɗaya gare su a takarda. Dalili ke nan da ya sa aikin ya fi amfanar Turawa masu koyon Hausa bisa Hausawa masu karatu.

4. Daga Lakwaja zuwa bugun 1932

Bayan mutuwar John Alfred Robinson a Lakwaja a 1891, aka kafa wata ƙungiya a Ingila domin nazarin Hausa, ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894. Ya koma da rubuce-rubucen ajami, ya buga waɗansu a 1896. Daga nan ya bayyana ga masu fassara cewa filin da su ke son shukawa an daɗe da nome shi. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, da na ɗiyarsa Nana Asma'u da almajiransu, sun riga sun cika kalmomin zunubi, tuba, gafara, ceto, mizani da siraɗi da ma'ana tabbatacciya, kuma makafi da mata da yara sun hardace su.

Likita Walter Miller shi ne ya ɗauki nauyin aikin daga baya. Ya koyi Hausa a Tarabulus wajen alhazai da fatake, ya shiga ayarin da ya kai Kano a 1900, wanda Sarki Aliyu ya sallama ba tare da ba shi izinin zama ba. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ta koma Wusasa wajen 1929. A 1913 ya haɗu da Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda fifikon da ya ba Annabi Isa cikin karatunsa. Waɗansunsu suka zauna a Gimi, daga cikinsu aka sami Kiristocin Hausawa na farko masu yawa. Da taimakon Hausawa abokan aiki da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito a 1932. Bayan shekara 2 ƙamus na G. P. Bargery ya fito, shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar. Cikin shekarun nan ne kuma hukumar fassara ta Zariya ta daidaita baƙaƙe masu ƙugiya, a madadin ɗigo da waƙafin sama da aka yi amfani da su a da. Sabuwar fassara ta fito a 1979, da Hausa mai sauƙi.

5. Kalmomin ɗaya bayan ɗaya

5.1. Zunubi

Kalmar daga Larabci ta ke, kuma daga jam'in aka aro ta, watau zunub. Hausa ta mai da ita tilo, ta ƙirƙira mata sabon jam'i, zunubai. A amfanin yau da kullum zunubi aiki ne da mutum ya aikata, ana rubuta shi, ana auna shi da lada. Yana da maƙwabta: laifi, wanda a ke yi wa mutum ko hukuma, alhaki, wanda a ke ɗauka idan an zalunci wani, saɓo, wanda a ke yi wa Allah kai tsaye. Kalmar Girka hamartia tana ɗaukar wannan ma'ana, amma a wurin Bulus tana da wata ta biyu, watau wani iko da ke mulkin mutum tun kafin ya aikata komai. Ga wannan Hausa ba ta da kalma, domin a Musulunci Adamu ya tuba an gafarta masa, kuma babu mai ɗaukar nauyin wani. Sai aka dogara ga bambancin tilo da jam'i, da ƙarin bayani irin su zunubin asali ko zunubin gado. Mai karatun da bai saba ba ba zai ga wannan bambanci ba sai an nuna masa.

5.2. Gafara

Ita ma Larabci ce, daga saiwar da ke nufin rufewa da suturtawa. Ta shiga Hausa har ta zama ta gaisuwa: gafara dai, Allah gafarta malam. Kalmar Girka aphesis kuwa daga fagen bashi da kurkuku ta fito, ma'anarta saki ko sallama. Wadda ta fi kusa da ita a Hausa ita ce yafewa, kamar yadda a ke yafe bashi. An ɗauki gafara saboda ita ce ta saba tafiya da sunan Allah. Amma a bakin Bahaushe gafara abin roƙo ce, ana fatan ta, ba a cewa an same ta, domin faɗin haka yana kama da shisshigi cikin ikon Ubangiji. Kirista kuwa yana faɗin an gafarta masa da sigar shuɗaɗɗen lokaci. Saɓanin a nan ya fi zama cikin lokacin aikatau bisa cikin kalmar kanta.

5.3. Ceto

Wannan Hausa ce tsantsa: ceta, ceci, cece, ceto, maceci, inda t ke komawa c gaban i da e. Asalin ma'anarta tsamo wanda ya faɗa rijiya ko wuta ko hannun maƙiyi. Sai dai malamai sun riga sun yi amfani da ita wajen fassara shafa'a, watau roƙon da Annabi Muhammadu zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama. Da masu fassara suka aza ta bisa soteria ta Girka, suka kuma kira Yesu Mai Ceto, sai kalma ɗaya ta sami masu ita biyu. A wajen Musulmi ceto sa baki ne gaban Allah bisa izininsa, yana nan gaba. A wajen Kirista kuɓutarwa ce daga hukunci da ikon zunubi, ta fara tun a duniya. Babu kalmar da ta fi wannan sauƙin shiga kunne, babu kuma wadda ta fi ta saurin kawo rashin fahimta.

5.4. Fansa

A ƙarni na 19 fansa al'amari ne na kasuwa da shari'a. Dangi su kan tara kuɗi su fanshi ɗan'uwansu daga bauta, bawa kuma ya kan yi murgu, watau ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa, har waɗansu su kai ga fansar kai. Kalmar Girka apolutrosis daga irin wannan fage ta fito, saboda haka dacewar ta yi kusan cika, kuma ga mutum irin Dorugu bayani bai zama dole ba. Amma bayan dokar Faransa ta 12 ga Disamba 1905 da ta hana cinikin bayi cikin mallakarta ta Afirka ta Yamma, da irinta a ɓangaren Ingila, wannan ma'ana ta yi ta dushewa, ta ramuwa kuma ta yi ta ƙarfi. Matashin yau da ya ji fansa, ɗaukar fansa ce ke fara zo masa, ko kuwa kuɗin fansa da masu garkuwa da mutane su ke nema. Kalmar tana nan yadda ta ke cikin littafi, duniyar da ta ba ta ma'ana ce ta sauya.

5.5. Alheri

A nan wuyar ta fi yawa. Charis ta Girka, wadda Faransanci ke kira grâce, a koyarwar Bulus tagomashi ne da mai karɓa bai cancanta ba, ba kuma zai iya rama shi ba. Alheri daga al-khair ta ke, harafin al ya manne mata kamar a alƙali da albasa. A zaman Hausawa alheri yana da igiya. Karin magana ta ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ta ce alheri gadon barci ne. Ta ce yaba kyauta tukuici. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin musayar kyauta a ƙasar Maraɗi, ya nuna yadda biki ya ke tafiya: abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ana riƙe lissafinsa, a mayar mata da ƙari ranar nata. Wanda ya ci alheri bai rama ba butulu ne. Mai wa'azin da ke son ya ce Allah ya ba da abin da ba a biya, da kalmar da kowa ya san ana biyan ta ya ke faɗa. Shi ya sa ta kan zo da rakiyar kyauta ko ba da cancanta ba. Rahama da falala da ni'ima suna nan, kowace kuwa tana da wurinta cikin tauhidin Musulunci.

5.6. Bangaskiya

A nan masu fassara sun kauce wa Larabci. Imani tana nan, sananniya ce, amma tana ɗaure da shika-shikanta guda 6. Sai aka ɗauki bangaskiya, wadda ginin ta irin na bankwana da bangirma da bantsoro ne, watau ba da gaskiya. Fa'idarta ita ce tana da aikatau a fili: a ba da gaskiya ga wani. Rauninta shi ne ta fi karkata ga yarda da cewa magana gaskiya ce, alhali pistis ta Girka ta haɗa har da jingina da amana, abin da Hausa ke kira dogara. Tsawon amfani ya sa kalmar ta zama kamar tambarin Kirista, har a ke kiran su masu bi.

5.7. Baratarwa da kuɓutarwa

Kalmar da gardamar ƙarni na 16 ta rataya a kanta, dikaioo, ta zauren shari'a ce: alƙali ya furta cewa wanda a ke tuhuma ba shi da laifi. Tsohuwar fassara ta yi amfani da barata da baratarwa, daga saiwar Larabci ta barranta. Ma'anar ta yi daidai, amma talaka bai san kalmar ba sai a majami'a. Fassarar 1979 ta karkata ga kuɓuta da kuɓutarwa, wadda kowa ya sani, sai dai ta kusa narkewa cikin ceto, hoton alƙali kuma ya ɓace. Wannan misali ne na zaɓin da ke gaban kowane mai ƙirƙirar kalmomin fannu: ko kalma madaidaiciya wadda ba a sani ba, ko sananniya wadda ba ta cika daidai ba.

5.8. Isa ko Yesu

Sunan da kansa yana cikin batun, domin a Ibrananci Yeshuwa yana nufin Ubangiji yana ceto, kuma sura ta 1 ta Bisharar Matiyu ta gina magana bisa wannan ma'ana, wadda ba ta fita cikin Girkanci balle Hausa. Waɗansu fassarorin farko sun yi amfani da Isa, sunan da kowa ya sani. Bugun 1932 ya tsaya bisa Yesu. Dalilin a fili ya ke: Alƙur'ani cikin Suratun Nisa'i ya kore kisan Isa da gicciye shi, koyarwar fansa kuwa bisa gicciyen ta tsaya. Amma an riƙe Allah, da Ubangiji, da Ruhu, da annabi, da mala'ika. Fassarar 1979 ta mai da Kristi ya zama Almasihu. Barbara Cooper ta tattauna wannan zaɓi da abin da ya haifar a Maraɗi cikin littafinta na 2006.

6. Shigar kalmomin ƙasar Nijar

Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Damagaram a 1924, ta biyu a Tsibiri ta Gobir a 1927, asibitin Galmi kuma a 1950. Mishan ɗin Katolika ta zauna Yamai a 1931, amma ta fi aiki da Faransanci, kuma sai bayan taron Vatikan na 2, daga 1962 zuwa 1965, harsunan ƙasa suka sami wuri sosai cikin sujadarta.

Mulkin Faransa bai yarda a koyar da yara a makaranta da wani harshe ba sai Faransanci. Saboda haka karatun Hausa da baƙaƙen boko ya sami mafaka cikin azuzuwan koyon Littafi Mai Tsarki, da littattafan da a ke kawowa daga Jos. Wannan ya haifar da abu uku. Na ɗaya, kafin hukuma ta fara yaƙi da jahilci da harsunan ƙasa a 1963, akwai ƴan tsirarun mutane a ƙauyukan Maraɗi da Tawa da suka iya karanta Hausar boko, kuma a majami'a suka koya. Na biyu, Hausar da su ke karantawa ta Kano da Zariya ce, ba ta Gobir ko Adar ko Arewa ba, har ya zama mai cewa shina da hwaɗi a gida yana karanta yana da faɗi a littafi. Na uku, a idon jama'a da yawa rubutun boko ya haɗu da mishan, abin da ya ƙara wa malaman yaƙi da jahilci wahalar shawo kan manya.

Akwai kuma masu sauraro iri biyu. Ga Musulmi kalmomin sanannu ne, ma'anar ce baƙuwa. Ga Azna masu bin al'adun gargajiya, abin da ke ɓata tsakanin mutum da iskoki shi ne keta haddi ko barin yanka, gyaransa kuma hadaya ce. Zancen jinin hadaya ya fi kusa da tunaninsu, zancen zunubin da a ke haihuwar mutum da shi kuwa baƙo ne gare su kamar yadda ya ke ga Musulmi.

7. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa masu fassara sun bi hanya uku: aron kalmar da Musulunci ya riga ya shigar, kamar zunubi da gafara da tuba; faɗaɗa kalmar Hausa ta asali, kamar ceto da fansa; da kauce wa kalmar da ta cika ɗaurewa, kamar yadda aka bar imani da Isa. Kowace hanya ta biya wata bukata, ta bar wani giɓi.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita baƙaƙe da ƙa'idodin rubutu. Daidaita bayanin ma'ana aiki ne dabam, kuma ga masu yin sa akwai shawarwari uku. Na farko, ƙamus na Hausa zalla ya jera ma'anonin kalma irin ceto bi da bi: ta yau da kullum, ta Musulunci, ta Kiristanci, kowace da alamar fagenta, ba tare da an ɓoye ɗaya ko an mai da ita kuskure ba. Na biyu, ƙamus na Hausa da Faransanci ya guji aza salut kan ceto ko grâce kan alheri ba tare da bayani ba, domin ɗalibi zai ɗauka sun yi daidai ta kowace fuska. Na uku, a tattara tsofaffin bugun fassarorin nan a ajiye su tare da rubuce-rubucen ajami na zamaninsu, domin su ne shaidar yadda Hausa ta ke a bakin mutanen ƙarni na 19, cikinsu har da Hausar wani yaro ɗan ƙasar Kance.